Ranar da Inna Hajo Ta Bar Gawa Kwance

Mantawa Inna Hajo ta yi, ko da gangan ta bar shi kwance? Na tsufa, na binne miji, har yau ban sani ba. Rubuta, Zalika jikata, bar duban hawayena.

Inna Hajo kakata ce. Ta taɓa zama garin Paraku, nan ƙasar Benin, tana saida gyaɗa ƙofar silima, mai tsaron ƙofa shina barinta ta leƙa. Ba ta jin Faransanci, sai ta sa ma kaboyi, mahayan dawakin nan na cikin fim, maganar da ta ga dama. Da ta dawo garinmu Malanville, yaran wasu gidaje suna jin tatsuniyar namun daji, mu kuwa dawaki da bindigogi muke samu bayan magariba, gindin murhu, tana suyar kifi.

Ba faɗi kaɗai take yi ba, sai ta sa mu mu kwaikwaya. Karan dawa shi ne bindiga. Dokarta guda ce: wanda anka harbe ba shi motsi sai ta ce, "Bindiga ta huce, matattu su tashi."

Akwai labarin da ta fi so. Baƙo ya shigo gari bisa gajiyayyen doki, ya nemi ruwa bakin rijiya. Mai baƙar hula ya harbi gugan, ruwa ya tsiyaye. Mutane sunka rufe tagogi. Su biyu sunka tsaya tsakiyar hanya, hannu kusa da ƙugu. Nan Inna take ɗaga matsamin kifi ta yi ƙasa da murya: "Ko ƙuda ya yi shiru." Sai tau! Baƙo ya faɗi.

Mai baƙar hula kullum Garba ne, ɗan kawuna. Baƙon kuma kullum yaro guda ne, ɗan wani Bazabarme da ya ƙetaro kogi shina dakon albasa a kasuwa. Inna ce ta ba su ɗakin zaure, ba su da wani wurin kwana. Ba zan kama sunan yaron ba, shi ne ya zama mijina. Ɗan Ƙetare muke ce mishi.

Wata rana ya riga Garba. Ya zaro karanshi ya ce "Tau!" shina dariya. Inna ta aje matsami.

"Kai Ɗan Ƙetare, a gidan wa ka ga baƙo ya riga mai gida? Ko zauren ya ishe ku ne? A sake."

Anka sake. Ɗan Ƙetare ya faɗi kusa da turmi, inda cinnaku ke bin ɓarɓashin hatsi. Inna ta kwashe kifinta, ta rufe, ta goge hannu, ta shige ɗaki. Ba ta ce matattu su tashi ba.

Munka yi ta jira. Garba ya tsokane shi da kara: "Gawa, kana jin cizo?" Bai motsa ba, hawaye kawai ke gangara cikin kunnenshi.

Ubanshi ya dawo daga kasuwa da warin albasa a jiki. Ya dubi ɗanshi, ya dubi ƙofar Inna, ya dubi zaure. Sai ya durƙusa ya ce, "Kwanta, ɗana, wasa ne." Ya zauna shina tsince mishi cinnaku daga wuya, ɗaya bayan ɗaya. Da anka kira lisha uwata ta zo ta ɗaga yaron.

"Ta ce?" ya tambaye ta.

"Ta ce," in ji uwata. Duk mun san ba ta ce ba. Har Inna ta rasu ba ta ce ba.

Bayan shekaru, muna da 'ya'ya, shina da rumfar hatsi tashi ta kanshi, anka buɗe gidan bidiyo bayan tasha. In dai kaboyi ne ba ya wuce shi. Ran nan ya dawo ya zauna bakin tabarma ya ce, "Rabi, tsohuwarku ta juya mana labari. Na kalla, na sake kalla. Baƙon ne ke riga kowa harbi." Ya yi dariya. Tuwon da na aje mishi haka na ɗauke shi.

Da ina zaton Inna tana koya mana yadda duniya take ne. Yanzu ina ga mutum guda take koya ma inda za shi tsaya, mu kuma munka zama mutanen garin nan masu rufe tagogi.

Daminar da ta wuce mijina ya faɗi gindin randa shina alwala, a tsakar gidan nan da na gada. Ɓarin jikinshi ya mutu. Anka ruga neman mota, ni na ɗora kanshi bisa cinyata. Abin da ya roƙa na faɗa mishi, na yi ta faɗi har muryata ta dushe, ban san ko ya ji ba. Ga roƙon nashi: idonshi na bisa tsohuwar ƙofar Inna sa'ad da ya buɗe baki, a karkace, ya ce:

"Rabi, ke ce jikarta. Ki ce in tashi."