Baba Danda, Masassaƙin da Ya Ƙone Ƙotar Bindigata

Daga Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take. Ranar Talata, 12 ga Fabrairun 1985, da hantsi, Rabo mai amalanke ya iske ni a kasuwar Tasawa ya ce Baba Danda masassaƙin Kona ya cika bayan sallar asuba, kwana tara da kamuwa da ciwon ƙirji. Na zauna nan ƙasa.

Baba, ni ne Hashimu maharbi. Na yi ta jinkirin rubuta wannan, domin a zamanin da muke ciki takarda tana iya kai mutum inda ba ya dawowa. Amma in na yi shiru, mutane za su tuna ka da turmi da ƙotar hauya kawai, ba za su san ka taɓa tsayawa tsakanina da kurkuku ba.

Bara, bayan damina ta ɗauke hatsi ya bushe tun bai yi kai ba, jita-jita ta cika gari cewa ana shigo da makamai ta iyaka. Sai maigari ya tara mu ya ce kwamanda ya shirya gasar harbi ta maharba a Tasawa, wanda ya ci zai sami buhun dawa biyu. Ya karanto ƙa'idoji: bindigar farauta kaɗai, ƙotarta ta itace guda babu haɗi, faɗin gabanta kada ya wuce yatsa uku, nauyin bindigar duka kada ya haura kilo huɗu. Wanda aka samu da wani abu na bindigar soja a jikin tasa, shi da ita za a tafi. Wanda ya ƙi zuwa kuma, za a zo masa har gida. Babu wanda bai gane cewa bindigoginmu ake son gani ba.

Ƙotar tawa ta tsage tun cikin rani. Na sayi wata a hannun wani baƙo ranar kasuwa, ja mai sheƙi, da farantin ƙarfe a gindi, na kawo maka ka ɗaura mini ina ta murna. Ka juya ta, ka kankare gindin da farce, sai ga lambobi irin na bindigar soja sun fito.

"Hashimu, ina ka samo wagga?"

"A kasuwa, Baba."

"Wa ya gan ka da ita?"

Na ce ban sani ba. Ka faskara ƙotar da gatari, ka tura ƙarƙashin tukunyar Inna Zeinabou, maiɗakinka, farantin kuma ka jefa shi tsohuwar rijiya. Saura kwana shida a yi gasar.

Na ce a yi mini sabuwa ta itacen ƙirya, don ba ta tsagewa. Ka ce ƙirya za ta rinjayi ma'auninsu, gawo kuma ba zai jure dukan harbi ba, sai dai aduwa busasshiya. An hana saran itace, don haka ka tuge ginshiƙin aduwa na rumfar da kake aiki a ƙarƙashinta, ka zauna cikin rana da gizago, cikinka babu komai sai kunu. Ka auna daga gwiwar hannuna zuwa kan yatsana manuni. Sau uku muna kai ta ma'aunin mahauci, kana dawowa kana rage ta, har ta sauka ƙasa da kilo huɗu.

Na roƙe ka ka zauna gida, ka ce aikin hannunka ne za a duba, ka hau jaki ka biyo ni.

A filin gasar muka yi layi, kowa idonsa a ƙasa. Ɗanjuma, maharbin da ke gabana, aka ga wani ƙarfe na bindigar soja a bindigarsa, aka jefa shi mota. Wata huɗu ya yi kafin ya dawo, har yau bai gaya wa kowa abin da ya gani ba. Da aka zo kaina, sajan ya auna nauyi, ya auna faɗi, duk daidai. Sai ya shinshina itacen.

"Wannan sabuwa ce. Ina tsohuwar?"

Sai na ji muryarka daga baya.

"Ranka shi daɗe, ni na sassaƙa ta. Wadda ya kawo mani ba ta da amfani, mun dama kunu da wutarta."

Suka sake ni, suka riƙe ka. Tun hantsi har la'asar kana zaune kan tsakuwa suna tambayarka sunayen waɗanda ka taɓa yi wa ƙota. Ka ce tsufa ya cinye maka sunaye. Ni kuwa na yi harbi uku, duka na kuskure. A hanya na ba ka haƙuri, ka ce, "Gara haka, ɗana. Wanda ya iya harbi bana, sunanshi ake rubutawa."

Har yanzu in na ji ƙugin mota ta nufo Kona, gabana faɗuwa yake. Ba a kama baƙon nan ba, ban san ranar da za a kama shi ya tuna fuskata ba, kuma yau babu mai yin magana daga bayana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Zeinabou da ƴaƴanka da dukan mutanen Kona. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya saukar mana da ruwa, Ya cire mana tsoron kowa sai nasa. Baba Danda, Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya haskaka makwancinka. Ranar da za a auna ayyuka, Allah Ya sa naka su yi nauyi, Ya amintar da kai daga firgicin tambaya. Amin.