Wasiƙar da Kawu Bai Gani ba

Jiya a Maradi na ga wata makauniya tana aiki da ordinater, wato kwamfuta. Duk tagar da ta koma a allon, murya na faɗa mata sunanta, rubutun makafi na tasowa ƙarƙashin yatsunta. Sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Sakatare ne a wani biro, wato ofis, a Madarumfa. Ko da idanunsa suka mutu bai bar aiki ba. Yakan shafa gefen takarda, ya buga mashin ɗin rubutu, ya saurari ƙararrawar ƙarshen layi.

Cikin shekarun casa'in aka kawo ordinater, shugabansa ya ce ya gwada wasiƙa ɗaya. Ina gefensa, ina jin ƙamshin turarensa. Ya buga har ƙarshe, bai san wata taga ta rufe tasa ba. Ko harafi bai shiga ba.

Na ce, "Kawu, a Faransa na ga ordinater mai magana."

"Can ne, ɗana. Wannan gilashi ne kawai, ba ya gaya mini inda nake."

Satin nan aka sallame shi. Damina biyu ya ƙara a duniya.

Allah Ya yalwata masa makwanci, Ya yafe mana shirun da muka yi.