Muzurun Hajiya da Allurar Sukari

Akwai wata safiyar damina da har yau ba ta bar kaina ba, safiyar da na fita daga wani gida a Malbaza da allura cike a aljihu, ban tsira wa kowa ba. Ku sababbi da kuke tambayar abin da ya shiga tsakanina da Mushe Sani, ga shi.

Ga wanda bai san tsarinmu ba: a asibitin dabbobi akwai babban likita, yana zaune Konni, yana leƙo mu ranar da ya samu dama. Ƙarƙashinsa akwai ajan, ma'aikaci mai takardar makaranta, wato Mushe Sani (Mushe kamar Malam ne da Faransanci). Sai ni, Illo, manebur, wato lebura. Aikina kayar da sa, riƙe raƙumi, wanke keji. Allura da ido na koye ta.

Wata Hajiya, matar wani injiniyan siminti, ta kawo muzurunta Ɗan Lele. Da ƙato ne, sai ya rame, yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari ko'ina. Likita ya auna jini ya ce ciwon sukari ne, za a riƙa yi masa allurar insilin safe da yamma, bayan ya ci abinci. Mushe Sani ya yi dariya ya ce shi bai yi karatu don bin mussa, wato kyanwa, gida gida ba. Aka ba ni.

Na fi shekara ina zuwa gidan nan. Ruwan allurar yana cikin firigo, wato firiji, in ɗebo daidai layin da Likita ya nuna mini, in tattaro fatar bayan wuya in tsira. Ya yakushe ni har ya gaji, ya dawo yana tarbata a ƙofa. Hajiya kuma, tun ranar farko, "Likita" take ce mini. "Likita ya iso, a kawo mishi kujera." Ni da furfura ta fito mini ina shan shurin shanu, ba wanda ya taɓa kawo mini kujera.

Daga baya babban likita ya hana shinkafa da burodi da madarar gwangwani, ya ce nama da kifi da ƙwai kawai. Ya ce wani muzurun idan aka gyara cimarsa yakan rabu da allura, amma ba a yankewa lokaci ɗaya, ragewa ake kaɗan kaɗan ana auna jini. Ɗiyar Hajiya ta aiko da ɗan injin awo daga Yamai. Ana huda gefen kunne, a ɗiga jini, lamba ta fito, a karanta wa babban likita ta waya da Faransanci. Nan Mushe Sani ya ga aikin ya dace da shi.

Ni ke riƙe muzuru, ni ke huda kunnen, don shi bai yarda Sani ya taɓa shi. Shi kuwa ya riƙe inji ya ɗaure fuska. Na lura Hajiya ta daina kallon hannuna, fuskarsa take kallo. Kujera ɗaya ce ake kawowa.

Safiyar da nake faɗi, Sani ya tafi kasuwar Badagishiri duba bisashe. Na iso na ɗebi allura kamar kullum, sai na ga Ɗan Lele bai taɓa kifinsa ba. Ya taso zai zo wurina, ƙafafun baya suka harɗe, ya faɗi, ya sake tashi yana tangaɗi. Hajiya ta riƙe ƙirji.

Ta ce, "Malam Illo, don Allah kira Likita."

Na ce, "Na Konni?"

Ta ce, "A'a, namu. Mushe Sani."

Na tsaya da waya a hannu. Wallahi na so in ce layi bai shiga. Amma muzuru na kwance gabana ido a buɗe, sai na kira.

Ya ce, "Baba Illo, ka yi mishi allurar?"

Na ce, "Ban yi ba. Wanda bai ci ba, ba a yi mishi."

Ya ce, "Kada ka yi. Sukarin ne ya sauka da yawa. Nemi zuma ka shafa mishi a dasashi, in ya farfaɗo ka ba shi abinci. Zan kira Konni."

Gaskiya ya faɗa, ni ban san maganar zuma ba. Na lakato ta da yatsa na cusa cikin bakin muzuru, ya datse ni har jini ya fito, na ci gaba da shafawa. Can ya ɗaga kai, ya lashi baki, ya jawo jiki wurin kifi.

A ranar nan babban likita ya ce a dakatar da allura, jikin ya soma yin nasa aikin. Aka ci gaba da awo na wasu makonni, lambobi suka zauna daidai, aka ce ba sai an ƙara zuwa ba. Na ji Hajiya da kunnena tana gaya wa maƙwabciyarta cewa likitansu daga kasuwa ya ceci Ɗan Lele, ko ganinsa bai yi ba. Ina tsaye kusa da su, yatsa ɗaure da tsumma.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan wanda ya yi jinya daban, wanda ake yi wa godiya daban. Idan dabba ta warke, mai riƙo ne ake fara sallama. Ku da kuke da sauran ƙuruciya, ku koyi karanta injin nan, kada ku tsaya kan ƙarfin hannu kamar ni.

Mushe Sani bai cuce ni ba, na sani. Muna gaisawa. In ya ce in kayar masa da sa, ina kayarwa. Yakan biya ta gidan Hajiya ya dawo yana ba da labarin muzurun a buro, wato ofis, ni kuwa in ɗauki bokiti in tafi wankin keji.