Likkafanin Mutumin Gwangwani

A shekarun da Dutse ta zama babban birnin jiha, baƙi suka cika unguwarmu ta Takur. Ni tela ne, shagona yana jikin wani gidan haya, kuma a ɗakunan da ke bayan shagon wani mutumin Filato ya sauka da matarsa da 'ya'yansa. Kirista ne, yana gyaran famfunan ruwa a wata ma'aikata. Injiniya muke ce masa. Shi kuma yana ce mini Malam Tela, duk da na sha gaya masa ban kai malam ba, firamare kawai na yi da ɗan abin da ya samu na allo.

Mutum ne da hannunsa ba ya zama. Ya samo tsohon ƙyauren ƙofa ya gina gari a kansa da gwangwanayen madara da na tumatir. Akwai gidaje, akwai tasha, akwai hasumiya mai agogo, layin dogo ya zagaye su. A gefe ya ɗora 'yar tukunyar ƙarfe mai siririn bututu. In ya zuba ruwa ya hura gawayi a ƙarƙashinta, tururi sai ya juya wili, jirgin ƙasa ya kama tafiya, agogo ya motsa. Ya ce a garin nan babu wutar lantarki, komai da tururi yake aiki.

"Ashe Takur ka gina mana," in ji mai shayin bakin layinmu. "Tururin ne kawai ba mu da shi."

A kan wannan gari muke wasa ranar Asabar bayan la'asar, a inuwar shagona. Kowa zai sa hannu a hula ya ɗauko marfin kwalba. A cikin marfin akwai alama: likita, direban jirgi, mai gadi, ko mai bincike. Marfi ɗaya yana da ɗigon jan fenti, wanda ya ɗauke shi shi ne mai kisa, kuma ba zai faɗa ba. Injiniya sai ya kwantar da wani ɗan mutum na gwangwani a cikin gida ɗaya, ya ba da labarin yadda aka tsinci gawa. Mai bincike ya yi ta tambaya, kowa yana kare kansa. Da ruwan tukunya ya kusa ƙarewa sai ta yi fito, dole a nuna mutum ɗaya.

Labaran Injiniya suna da hali. Kullum attajiri ne ke mutuwa, kuma kowa na garin yana da dalilin ƙinsa. Kullum ɗakin a kulle yake ta ciki. Kullum agogon hasumiya yana tsayawa daidai lokacin da abin ya faru. Wanda ya fi kowa kumfar baki ba shi ne mai kisa ba, wanda yake kawo wa mai bincike ruwan sha ake tsoro. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba a kashe talaka ko sau ɗaya.

"Malam Tela, in talaka ya mutu wa zai hura gawayi don a bincika?"

Ni matsalata daban ce. Na yi ta juya abin a raina, ko ƙaryar wasa ma ana rubuta wa mutum ita. Ranar da jan marfi ya faɗo hannuna, mai shayi ne mai bincike. Ya dube ni ya ce, "Tela, ina kake lokacin da agogo ya tsaya?" Na ce, "Ni ne." Ko tafasa ruwan bai yi ba.

Suka yi dariya har mai shayi ya riƙe ciki. Daga ranar aka yanke cewa ni ne gawa. Mai kisa zai nuna mini marfinsa a ɓoye, in zauna in yi shiru har a gama. Aikin ya dace da ni, shekaru na yi ina yin sa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: ɗan mutumin gwangwanin nan yana kwance a fili ba sutura, ana ta shewa a kansa. Ni nake ɗinka likkafani idan an yi rasuwa a layinmu, kuma ban iya yin abu rabi da rabi ba. Na yanki guntun alawayyo na yi masa nasa, da riga da rawani da mayafi, na ɗaure kai da ƙafa yadda ake yi. Injiniya ya juya shi a tafin hannu ya ce aikin ya yi kyau. Ni ma a lokacin kyaunsa kawai na gani.

Da aka shigo shekarun shari'a, kowa ya fara duba abin da maƙwabcinsa yake yi, da abin da shi kansa yake yi. Ni na yi murna da zuwanta, har yau ban canza ba. Amma magana ta tashi cewa ana caca a ƙofar shagona, wai ana zaro marafai a hula. Har yanzu ban san wanda ya fara faɗa ba. Alhajin da ke da gidan ya zo da kansa, ya ce in maganar ta tabbata Injiniya zai tashi. Yaran Injiniya suna makaranta a nan kusa, matarsa tana da teburin kayan miya a ƙofar gida, kuma ɗakin haya a Dutse a lokacin ba abin wasa ba ne.

Injiniya ya ce abu mai sauƙi ne, a kai garin gaban mai unguwa a gani da ido. Muka ɗauki ƙyauren ni da mai shayi, da hantsi, muka ajiye a zauren mai unguwa. Liman yana nan, Alhaji yana nan, da dattawa kaɗan da masu leƙe.

Da farko komai ya tafi daidai. Da jirgi ya motsa, mai unguwa ya matso da buzunsa. Liman ya tambaya ko ana sa kuɗi, aka ce ko kwabo. Ya tambaya ko wasan yana cin lokacin salla, mai shayi ya ce, "Allah gafarta Malam, Injiniya ne ma yake korar mu in an kira magariba." Liman ya ce shi bai ga caca a nan ba. Har wani dattijo ya shiga wasan, ya fara cewa shi likitan garin gwangwanin nan bai yarda da shi ba.

Sai mai unguwa ya ce, "To ina wanda aka kashe ɗin?"

Injiniya ya ɗaga rufin gidan gwangwani ya fito da shi. Na dubi abin da ke tafin hannunsa da idon mutanen da ke wurin, sai na ga abin da ban taɓa gani ba: ɗan mutum-mutumi a naɗe cikin likkafanin Musulmi, an ɗaure kai da ƙafa, a hannun wanda ba Musulmi ba. Kowa a ƙasar nan ya san irin wurin da ake tono abu mai wannan kama, da abin da ake nufi da shi. Wani daga bakin ƙofa ya ce, "A'uzubillahi," ya ja da baya.

Na miƙe. "Ranka ya daɗe, ni na ɗinka. Bai sa ni ba, bai ma san yadda ake yi ba. Ni na ga bai kamata gawa ta kwanta haka ba."

"Zauna, Tela," in ji mai unguwa. "Kai mun san ka."

"Wallahi ni ne. A duba ɗinkin, a kwatanta da na shagona."

"Mun ce mun san ka. Kai ko kaza ba ka iya yankawa. Sa ka aka yi, ba ka gane ba."

Na juya wajen liman. Ya ce ya yarda da maganata, abin wauta ce ba sihiri ba, a kwance ƙyallen a ƙone, a bar maganar. Mai unguwa ma ya ce an gama, kowa ya tafi. Ba wanda aka kama da laifi. Amma masu leƙe sun riga sun fita, kuma kafin azahar labarin ya kai kasuwa da nasa ƙafafun. A can ba a ce tela ya ɗinka ba. Cewa aka yi an samu gunki cikin likkafani a ɗakin Kirista.

Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya kawo ɗinki sai na tsare shi da bayani, har wasu suka daina zama, su miƙo yadi daga bakin ƙofa su wuce. Kowa ya ce, "Allah sarki Tela, ka cika kirki." Na rasa yadda mutum zai yi ya karɓi laifinsa idan an ƙi ba shi. Mata suka daina sayen kayan miya a teburin matar Injiniya. Tumatir ya ruɓe a faranti, ta kwashe ta zubar. Ƙaramin ɗansu ya dawo daga makaranta da rigarsa a yage, na ɗinke ban tambaya ba, don na san amsar.

Injiniya bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da na je ba shi haƙuri ya ce, "Malam Tela, ni na ɗauko shi na nuna musu. Ka daina zuwa da wannan fuskar, kana tsorata mini yara."

Na je wurin Alhaji. Na same shi a ƙofar gida, na durƙusa, na sake faɗin komai daga farko. Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba.

"Na yarda da kai," ya ce. "Na yarda da shi ma, bai taɓa ɓata mini ba. Amma in wata rana yara suka taru da duwatsu, gidana za su jefa. Kai za ka tare su?"

Na buɗe baki in ce zan tare. Na san ba zan iya ba, sai na tashi na yi masa sallama.

Ƙarshen wata Injiniya ya mayar da matarsa da yaran Filato, shi kuma ya sami ɗaki guda a Kiyawa, yana zuwa aiki a kan babur. Ranar tashinsu na taya su ɗaure kaya a bayan a-kori-kura. Matarsa ta shiga gaba da ƙaramin a cinya, ta leƙo ta taga ta ce in gaida mai ɗakina, in ce mata turmin da ta ara ta riƙe kawai, ba wurin sa shi a motar.