Wace Ƙasar Ce Ta Jiƙa

Ko me zan manta a rayuwata, ban da daminar da Yayana ya karye aka tura ni gona, ni da ko fartanya ban iya riƙewa daidai ba. Ni tela ne a Karaye. Ba ni yadi da almakashi ka ga aiki, amma harkar noma tun muna yara Yaya ya ɗauke mini ita, ni nawa cin tuwo.

Gonarmu ta gado tana can wajen Gwangwan, kan wani tudu mai rairayi. Abin da Yaya yake ji da shi a gonar nan ba dawa ba ce, ba masara ba ce. Wata jar gyaɗa ce 'yar ƙanana mai yawan mai, wadda Innarmu ta zo da irinta daga gidansu, take shukawa a gayaunarta har Allah Ya yi mata rasuwa. Ba a samun ta a kasuwa. Daminar da ta gabata ba ta yi albarka ba, abin da ya rage ɗan rabin buhu ne, kuma Yaya ya hana kowa taɓawa. Ko 'ya'yansa suka yi kwaɗayin gyaɗa sai dai ya sayo musu ta talla.

Daf da faɗuwar ruwa ya faɗi da babur, aka yi masa ɗori aka kwantar da shi a soro. Mutumin da bai san zama ba, kwanciya ta zame masa azaba, sai ya koma kan wayarsa. A lokacin akwai wata ƙungiya da take turo wa manoma saƙo, wai tauraron ɗan'adam ya auna danshin ƙasa daga sama, ga inda ya isa shuka, ga inda bai isa ba. Yaya ya yarda da saƙon nan, kuma yana da dalili, don ya taɓa bin sa a shukar dawa bai ji kunya ba.

Wata safiya ya aiko aka kira ni. Ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo mini wayar.

"Duba nan. Ƙasar Gwangwan ta jiƙa, danshi ya isa shuka. Rufe shagon nan ka ɗauki irin Inna ka tafi."

"Ni, Yaya?"

"To wa? Ƙafar nan zan aika?"

Haka na ɗaure buhun a bayan babur, na nemi masu taya ni, muka isa gona da hantsi. Daga nesa ƙasar ta yi duhu, har da ƙamshin nan na sabon ruwa. Amma da aka kafa sungumi aka ɗaga, sai na ga saman ne kawai ya jiƙa, abin da ke ƙarƙashi fari fat, yana zuba tsakanin yatsu. Ba sai manomi ba, ko tela ya san wannan da sake. Na kira Yaya.

"Yaya, sama-sama ruwan ya tsaya. Ciki a bushe yake."

"Kai da ka san allura kawai? Abin da yake kallon duniya daga sama ya ce ta jiƙa. Akwai hadari?"

"Akwai, ta gabas."

"To shuka. Wanda zai sauko yau ya ƙarasa."

Yanzu da nake tunawa, ba taurin kai na ji a muryarsa ba. Tsoro ne, na mutumin da yake kwance yana jin damina tana wuce shi. Kuma a gidanmu ƙane ba ya ja da yayansa sau biyu. Muka shuka irin nan kaf.

Hadarin ya yi ta rugugi ya watse, ko ɗigo. Daga nan ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe kamar da gayya. Da na koma duba gonar na tona, sai na tarar gyaɗar ta sha ɗan danshin nan ta kumbura, ta fara fasowa, sannan zafi ya dafa ta a cikin rami. Da a busasshiyar ƙasa muka binne ta ma, wataƙila da ta jira ruwa. Na ɗebo kaɗan a aljihu na kawo masa. Ya jujjuya a tafin hannu, ya yi salati, ya ce, "Na kashe wa Inna gyaɗarta." Ya juya fuska bango. Wallahi ranar da ƙafarsa ta karye ban ga ya yi haka ba, kuma na ji tausayinsa har cikin raina.

Ana nan sai ga wata matashiyar malama daga ƙungiyar. Ashe aikinta ke nan, bin gonaki da wani ƙarfe tana sokawa a ƙasa, tana gwada abin da ta samu da abin da tauraron ya faɗa. Ta ji labarinmu a Gwangwan ta biyo har gida. Ni fa na shirya mata magana mai zafi, amma yadda ta durƙusa ta gaida Yaya, ta yi masa sannu da ƙafa, sai bakina ya mutu.

"Baba, tauraron bai yi ƙarya ba," in ji ta, "mu ne ba mu faɗa yadda ya kamata ba. Da muka ce ƙasar Gwangwan, yankin muke nufi gaba ɗaya. Shi ba ya ware gona ɗaya. Haɗa fadama da tudu yake yi, da inda ruwa ya zuba da inda ya yi yayyafi, ya ba da awo guda. Kuma bai cika gani fiye da zurfin ɗan yatsa ba."

Yaya ya ce, "Ni kuwa ƙasar gonata na ji."

Na ce, "Malama, wato kamar in auna mutanen gida duka, babba da yaro, in ɗinka musu riga ɗaya?"

Ta yi 'yar dariya, sai kuma idonta ya kawo ruwa. Ta ce haka ne, kuma mai ƙaramar gona a kan tudu shi rigar ta fi ƙin zama wa. Daga baya saƙonsu ya canza, aka daina cewa ƙasar wuri kaza, aka koma yankin wuri kaza, da ƙarin cewa manomi ya tona ya gani kafin ya shuka. Wannan ya yi kyau, sai dai bai dawo mana da iri ba.

Da ruwa ya dawo sosai, sai ga wata tsohuwa daga Rogo Ruma, aminiyar Innarmu, ta zo duba Yaya. Bayan doguwar gaisuwa ta kwance wani ƙulli daga bakin zaninta ta zube a ƙwarya. Jar gyaɗa ce, 'yar ƙanana.

"Ɗan nan, na ji abin da ya faru. Wata shekara gara ta cinye mini iri, uwarku ta ɗebo mini cikin tafi biyu. Tun daga nan ita nake shukawa. Ga taku."

Hannu kawai Yaya ya sa a ƙwaryar, hawaye yana bin gemunsa. Ni na yi mata godiyar, ita ma rabi da rabi.

Washegari na tafi da ita gona. Kafin in saka ƙwaya ɗaya sai da na tona rami har hannuna ya nutse, na damƙo ƙasar ciki ta dunƙule. Kunyoyin shuka kaɗan suka ishe ta, amma ta fito.

Abin da wannan damina ta koya mini shi ne, mai hange daga nesa yana iya faɗin gaskiya, gaskiyar kuma ta zama ba taka ba. Har yau Yaya yana karanta saƙon, ba mu raina shi ba. Amma duk abin da in ya tafi ba za ka samu wani ba, kada ka zuba shi a rami sai ka taɓa ramin da hannunka.