Jan katin da aka ɗaga wa baffa

Karatuna aji huɗu ne a lakwal, makarantar boko, a na biyar mushe, malamin ajinmu, ya ce gona ta fi bukata ta. Amma dokokin ƙwallo na haddace su tsaf, kuma da su na yi shekaru ina koya wa samari alƙalancin wasan yara a filin da ke gefen tafkin Madarumfa. Duk wanda ya zo, nakan murtuke fuska in karanta masa hukuncina: in ka shiga fili da usur a baki, ba ka da uwa, ba ka da uba. Sai su yi dariya, don sun san halina. Mutum ɗaya ne bai yi ba.

Wani dogon saurayi ne daga wajen Safo, maraya, a hannun baffansa ya tashi. Baffan ya yanka masa gayauna a gefen gonar gida, ya shuka abin da yake so. Ita ce kaɗai abin da zai nuna ya ce nasa ne a duniya.

Bayan an gama yankan gero, yaran Safo suka zo wasa da namu, na ba shi usur. Ana dab da tashi, autan baffan ya kwashe ƙafar wani yaronmu a gaban raga. Saurayin ya busa fanariti. Baffan yana kallo daga kan amalanken jakinsa, sai ya sauko, ya tako har tsakiyar fili.

"Kai, ƙanenka ne fa. Mi ya yi?"

A nan wurinmu, babba ya yi maka magana, durƙusawa ake yi, a sunkuyar da kai, a ce to baba. Saurayin ya waiwayo ya dube ni. Ni kuwa, babban malami, ina gindin bishiyar bedi, na gyaɗa masa kai.

"Malam, fita daga hili," in ji shi.

"Wa kake ce ma malam?"

Ya zaro jan kati, ya ɗaga wa dattijon a tsaye, ido cikin ido, gaban mutanen gari biyu. Baffan bai mare shi ba, da ma ya yi. Ya kama hannun autansa, suka hau amalanke suka tafi.

Sau uku ina zuwa wurin baffan ban haƙuri. Kowane zuwa a shimfiɗa mini tabarma, a kawo fura. A na ukun ya ce, "Ai ban kore shi ba. Shi ya hidda ni, kowa ya gani."

Da ruwan shuka ya sauka, yaron ya fita da iri, ya tarar an riga an shuke gayaunar da dawa. Kafin a yi noman farko ya tsallaka iyaka.

Bara na gan shi a tashar Jibiya, yana dakon buhuna. Ya aje kaya muka gaisa, na ce albitir, alƙalin wasa, ƙasa da ƙasa ka koma busawa ke nan? Ya ɗan murmusa. Sannan ya ce, "Baba, tun tafiyata, baffa ya tambayi inda nike?"

Na tsaya ina gyaran hula.

Ya ce, "To, a gaida gida." Direba ya ƙwala masa kira, ya duƙa aka aza masa buhu.