Akuyar Yaya Daƙiƙa

Yayana gyaran agogo yake yi, shi ya sa ake ce masa Daƙiƙa. Ya tsufa a kan kujera ɗaya, tabarau a ido, yana tsintar ƙusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba. Ko ruwa sai an miƙo masa.

Da aka gano yana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ni da matarsa kaɗai muka sani. Magani ya karɓe shi, sai dai kasala da rashin cin abinci. Likita ta ce ya riƙa tafiyar ƙafa kullum da safe.

"Magidanci kamata ya yi ta yawo ba aike?" in ji shi. "Ai sai a tambayi dalili."

Washegari ya tsinke igiyar shanya, ya fita da ita a hannu yana cigiya: "Ba ku ga akuyata ba?" Mutumin da ko kaza bai taɓa kiwo ba! Kunya ta kusa kashe ni.

Maƙwabta kuwa suka ɗauki abin da zafi. Mai kanti ya fara bin sa, sai direba, sai tela da gwiwarsa mai ciwo. Har rantsuwa tela ya yi ya taɓa ganin ta, wai tana da tabo a kunne. Duk akuyar da aka kamo, Yaya ya sa tabarau ya duba haƙoranta, ya ce ba ita ba ce. Ana cikin haka kumatunsa suka ciko, barci ya dawo, matarsa ta ƙara girki.

Tausayi ne ya ɓata komai. Maƙwabta suka gaji da ganin wahalarsa, suka haɗu suka sayo masa wata akuya, suka ɗaure a ƙofar gida. Yaya ya yi godiya hawaye na zuba, suka ɗauka na murna ne.

Ya koma kujera. Kafin wata ya ƙare ya fara ture kwano, idanunsa suka faɗa. Na tsorata sosai, na ce, "Yaya, a kan akuyar ƙarya za ka kwanta mana?"

Wata safiya ya fita hannu sake, na bi shi a baya. Tela na share bakin shago.

"Daƙiƙa, me kuma ya ɓace?"

"Ba komai. Dama can ba akuya. Cutar garkuwar jiki gare ni, likita ce ta sa ni tafiya."

Tela ya tsaya da tsintsiya a hannu.

"To da ka faɗa tun farko! Tun da muka sayo shegiyar nan gwiwata ta koma ciwo. Tsaya in sa takalmi."